Ba ya barci sai a bayana: yaya zan koya masa kwanciya da kansa?

"Assalamu alaikum. Yarona yana da shekara ɗaya da wata goma sha ɗaya. Wata biyu ke nan da yaye shi, an kai shi gidanmu ya yi kwana goma sannan aka dawo min da shi. Tun daga nan ba ya barci sai na goya shi ina zagaya tsakar gida, wata rana har ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Da na sauke shi sai ya buɗe ido ya fasa kuka. Cikin dare ma yakan farka sau uku ko huɗu, kuma kowanne sai an sake goyo. Ga shi ina da juna biyu na wata biyar, bayana kamar zai tsage. Ɗaki da falo muke, kuma gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, da ta ji kukansa za ta fito ta ce a goya shi. Wata maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi Piriton, a intanet kuma na ga ana cewa a rufe yaro a ɗaki a bar shi ya yi ta kuka har ya gaji. Don Allah wanne zan bi?" (Wata uwa daga Zariya)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya shi, ya kuma sauke ki lafiya. Na haura shekara ashirin ina aikin jinya a ɓangaren yara, kuma da wuya mako ya wuce ban ji irin wannan koken ba. Yawanci sai an gama zancen zazzaɓi ko tari, uwa ta ɗauki jakarta za ta fita, sannan ta juyo ta rage murya ta ce, "Sista, ni fa ba ya barina in runtsa."

In na fahimce ki, abu biyu kike nema: barci ya ɗauke shi ba tare da goyo ba, kuma in ya farka cikin dare ya koma da kansa. Daga cikin shawarwari biyun da aka ba ki babu wadda zan ce ki bi. Kada ki ba shi Piriton, kuma ba sai kin rufe shi a ɗaki ba. Yaro ya yi barci da kansa daban, ya kwana shi kaɗai daban. Na farkon kike bukata, kuma zai iya koyonsa a ɗakin nan naku, a shimfiɗar da in kin miƙa hannu za ki taɓa shi.

Me ke tashinsa sau huɗu a dare?

Barci hawa da sauka ne. Mutum yakan nutsa cikin barci mai nauyi, ya taso zuwa mara nauyi, ya yi mafarki, ya ɗan farka kaɗan, ya sake nutsawa. A wajen babba zagaye ɗaya yakan ɗauki kusan minti 90, na ƙananan yara bai kai haka tsawo ba. Saboda haka kowane yaro yana farkawa sau da yawa a dare, har wanda uwarsa ke cewa tun da ya kwanta bai motsa ba sai asuba. Ke ma kina farkawa, ki gyara matashi, ki juya, da safe ba ki tuna ba. Abin da ya raba yaro da yaro shi ne abin da ya tarar a lokacin da ya buɗe ido.

Ki duba yadda barci ke ɗaukar naki yaron. Yana manne da bayanki, majanyi ya ɗaure shi tamau, yana jin ɗuminki da ƙanshinki, kina tafiya kina jijjiga shi. A haka ya rufe ido. Bayan awa ɗaya da wani abu ya taso daga barci mai nauyi, sai ya ji shi kwance a katifa, ba ɗauri, ba motsi, ba bayan uwa. Ko babba ne ya kwanta a wani hali ya farka a wani, sai ya zabura. Shi kuwa hanya ɗaya tak ya sani ta shiga barci, wato bayanki, don haka ita zai nema da ƙarfe ɗaya, ita zai nema da ƙarfe uku. Shi ya sa nake gaya wa iyaye cewa gyaran tsakiyar dare a farkon dare ake yinsa. In ya saba barci ya ɗauke shi a kan shimfiɗarsa, to in ya farka ya ga yana inda ya kwanta, juyawa kawai zai yi.

Akwai kuma maganar yaye, wadda na tabbata tana da hannu. Kafin yaye nono ne ke sa shi barci. Rana ɗaya ya rasa nono, ya kuma rasa ki har kwana goma. Ban faɗi haka don in ga laifinki ba, haka aka yi mana, haka aka yi wa iyayenmu, kuma sau da yawa uwa ba ta da ta cewa. Amma yaron da bai kai shekara biyu ba bai san kwana goma za su ƙare ba. Abin da ya sani shi ne kin ɓace. Da ya dawo sai ya riƙe ki gam, goyo ya maye gurbin nono, sauke shi kuma ya zama masa kamar za a sake rabuwa. Ga shi dama yana shekarun ƙiwa da taurin kai, lokacin da yaro ya fara gane cewa zai iya cewa a'a. Wannan tarihin nasa shi ne babban dalilin da ya sa ba na son a rufe masa ƙofa.

A fara duba lafiyarsa

Kafin ki canza komai, ki tabbata ba wani abu ke damunsa ba, don yaron da ke jin ciwo ko ƙaiƙayi ba ya koyon barci. Na taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara biyu da rabi da aka yi wata uku ana cewa rigima ce kawai. Da na tambayi uwar me yarinyar ke yi in ta farka, sai ta ce tana ta sosa duburarta. Ƙananan tsutsotsin ciki ne, farare sirara kamar zare, waɗanda ke fitowa bakin dubura da dare su saka ƙwai. Aka ba ta maganin tsutsa tare da sauran 'yan gidan, aka wanke zannuwan gado, kukan dare ya ragu ƙwarai. Ƙazwa ma da dare take tsananta, ki duba tsakanin yatsunsa da wuyan hannu da hammata. A watannin zafi ƙurajen zafi kan hana yaro sakat, a damina kuma sauro. In yana jan kunne yana kuka musamman in an kwantar da shi, ko yana da zazzaɓi, a kai shi a duba. A shekarunsa ne kuma turamen haƙora na can ciki ke fitowa, sukan dame shi na 'yan kwanaki.

Abu biyu nake so ki ƙara lura da su. Na farko ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, kuma yaron da sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jikinsa yakan yi barcin birgima da shure-shure. Wannan yakan fito fili bayan yaye, in abincin ya koma kunu da shayi da burodi kawai. Ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, in sun yi fari a auna jininsa. Ki ƙara masa wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale. Na biyu munshari. Yaron da ke munshari kusan kullum, yana kwana baki buɗe, wani lokaci numfashi ya tsaya ya ja da ƙarfi, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya gan shi. Kada a kai shi wajen wanzami a ce beli ne. In kuma akwai sikila a danginku ko dangin babansa, kuma yana kukan dare da kumburin hannu ko ƙafa, a gwada jininsa ba tare da jinkiri ba.

Maganar Piriton

Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, kasalar da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Wasu yaran ma maimakon ya kwantar da su sai ya birkita su, su kwana suna tsalle da kuka. Wanda ya kwantar kuma, cikin 'yan kwanaki jikinsa zai saba, cokali ɗaya ya daina aiki, uwa ta ƙara. A nan haɗarin yake. Na karɓi yara a asibiti da aka kawo su jiki ya saki, ana tashinsu ba sa tashi, sai da aka matsa da tambaya uwa ko mai reno ta faɗi abin da aka ɗura musu. Ɗan'uwansa Phenergan ya fi shi haɗari, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai tsanani cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, ko kusa kada ya je bakin yaro. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ko da magani bai cutar da shi ba, ranar da kika daina ba shi kina nan inda kike, don bai koyi komai ba.

Ki gyara lokaci tukuna

Iyaye da yawa suna fara faɗa da yaro kan kwanciya alhali barcin ne bai zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Ki ƙirga nasa na kwana uku. Sau da yawa in na zauna da uwa muka lissafa, sai mu tarar yaron yana tashi ƙarfe tara na safe saboda ta bar shi ya rama na dare, sannan ya yi wani barcin bayan la'asar har kusan magariba. Wanda ya tashi ƙarfe shida na yamma ba zai ji barci ƙarfe takwas ba, ko wa ya goya shi. Yaro mai shekarunsa yana bukatar kamar awa biyar zuwa shida ido biyu tsakanin tashinsa daga barcin rana da kwanciyar dare.

Saboda haka daga safiya za ki fara. Ki riƙa tashinsa lokaci ɗaya kullum, kamar shida da rabi ko bakwai, ko da daren ya yi muni, ki fito da shi tsakar gida ya ga hasken rana. Barcin rana sau ɗaya, wajen azahar, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kafin a kira la'asar ya tashi. Na san tashin yaron da ya hana ki barci jiya yana da ciwo, lokacin ne kaɗai kike samun sararin wanki da girki. Amma wannan ne ke sayo miki daren. Da yamma a bar shi ya yi guje-guje da yaran gida har ya gaji. Shayi mai ganye da lemon kwalba baƙi suna da sinadarin da ke kore barci, a daina ba shi, musamman daga rana zuwa dare. Shayin ma yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci. Waya kuma a ɗauke ta daga hannunsa aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya, don haske mai ƙarfi a ido yana jinkirta sinadarin melatonin mai kawo barci, wanda ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi. Haka in an kawo wuta da dare aka kunna ƙwan ɗaki da talabijin, an mayar masa da dare rana.

Kada ki ce daga yau ƙarfe takwas zai kwanta alhali jikinsa ya saba da sha ɗaya. Ki fara daga kusa da lokacin da barci ke ɗaukarsa da gaske, misali goma da rabi, lokacin da idonsa ya riga ya yi nauyi. Yaron da barci ya ci ƙarfinsa bai cika doguwar gardama ba. In ya yi dare biyu ko uku yana barci da wuri bayan an kwantar da shi, ki matso da minti 15. Haka za ki yi ta matsowa har ku iso wajen takwas da rabi, bayan sallar isha'i.

Sannan ki kafa masa jerin abubuwan da kullum su ne ke zuwa kafin barci, iri ɗaya, a jere ɗaya, na kamar minti 20 zuwa 30. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya tambayi uwaye sama da dubu 10 a ƙasashe 14, ya gano cewa gwargwadon yawan dararen da ake bin irin wannan tsari, gwargwadon saurin barcin yara da ƙarancin farkawarsu. Mu kuwa ba sai mun aro ba. Ya ci tuwonsa ya ƙoshi, a wanke masa jiki, a goge haƙora, a sa rigar barci, a rage fitila, a shiga gidan sauro, a yi 'yar gajeriyar tatsuniya ko waƙar reno, a rufe da addu'a. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa, ya shafe jikinsa. Ki yi wa yaron haka kowane dare. Bayan kariyar da muke nema, shafar nan daga kai zuwa ƙafa takan zama masa alamar cewa rana ta ƙare. Tatsuniyar kuma a zaɓi mai daɗi. Kada a ce masa "yi barci ko dodo ya zo", kada a ce kura na bakin ƙofa. Wanda aka tsorata da duhu ba zai yarda ya rufe ido a cikinsa ba.

Saukowa daga baya

Ki yi masa tasa shimfiɗar, 'yar katifa a ƙasa kusa da gadonku, da nasa gidan sauron. Ki sa shi ya taya ki shimfiɗawa da rana, ki riƙa ce masa "ga gadon babban yaro". Ki ba shi majanyin da kike goya shi da shi, wanda ke ɗauke da ƙanshinki, ya riƙa rungumewa. Na ga yaran da wannan majanyin kaɗai ya yi musu rabin aikin. Akwai dalilin da ya sa nake so a yi wannan yanzu: jariri na tafe nan da wata huɗu, kuma bai kamata yaro mai birgima ya kwana gefen jariri ba, yana iya danne shi. In kika bari sai kin haihu sannan aka sauke shi daga gado, zai ɗauka jaririn ne ya kore shi.

Daren farko zuwa na uku, ki goya shi kamar yadda kuka saba, amma kada ki bari barci ya ɗauke shi a baya. Da kin ji kansa ya fara langaɓewa, ki sauke shi a shimfiɗarsa yana da sauran ido, ki kwanta a gefensa, ki rungume shi, kina bubbuga bayansa. Zai yi kuka, zai miƙe, zai kama zaninki yana nuna bayanki. Ki mayar da shi kwance a hankali, ki faɗi magana ɗaya gajeriya, kullum ita, kamar "dare ya yi, ga Umma nan, kwanta". Ban da faɗa, ban da dogon lallashi, ban da kunna fitila. Daren farko yana iya kai ku minti arba'in ko awa guda. Ki sa a ranki tun kafin ki fara, ki kuma zaɓi daren da ba ki da fitar sassafe.

In ya fara karɓar wannan, sai ki bar goyon gaba ɗaya, daga addu'a sai shimfiɗa, kina kwance kina bubbugawa. Bayan dare uku ko huɗu, ki daina bubbugawa, ki ɗora hannu kawai. Daga nan ki tashi zaune a gefensa ba taɓawa. Daga nan ki koma bakin gadonki kina lazimi ko ninke kaya cikin duhu-duhu, yana jin motsinki. Mataki na ƙarshe shi ne ki ce masa "bari in ɗebo ruwa in dawo", ki fita minti ɗaya, ki dawo. Ki tabbata kin dawo, ko da kin ji shiru. Gobe ki yi minti biyu, jibi biyar. Wata rana za ki dawo ki tarar ya yi barci. Ga yaron da aka taɓa ɗaukewa daga uwarsa, wannan fita da dawowar ita ce ke koya masa cewa in kin tafi kina dawowa. Shi ya sa ba na son uwa ta sulale ta gudu in yaro ya lumshe ido, ko ta ce tana zuwa ta ƙi dawowa. Yaron da aka yi wa haka yakan koyi kwana da ido ɗaya a buɗe yana gadin uwarsa.

Cikin dare in ya farka, ki ɗan dakata tukuna, wani lokaci gunaguni ne kawai zai yi ya koma. In ya tashi sosai, ki yi masa daidai abin da kika yi a farkon daren, in matakin ɗora hannu kuke, ɗora hannu. In ƙishi ne ki ba shi ruwa. Kada a saba masa da shayi ko kunu da tsakar dare, cikinsa zai riƙa tashinsa a lokacin, kuma zaƙin yana lalata haƙora.

Abin da ya fi kayar da iyaye shi ne wannan: sau da yawa kukan yakan ƙaru kafin ya ragu. Dare na biyu ko na uku yakan fi na farko zafi, wani lokaci kuma bayan an yi kwana biyar lafiya sai rigimar ta dawo sabuwa. Yana gwadawa ne ya ga ko tsohuwar hanya na nan. In ya yi kukan minti talatin sannan kika gaji kika goya shi, abin da ya koya shi ne goyo na nan, sai dai kuɗinsa kukan minti talatin ne, gobe kuma zai biya. Don haka in kin san yau ba ki da ƙarfi, gara ki goya shi tun farko ba tare da an yi kokawa ba, ki sake farawa ranar da kika shirya. In kuma mataki ya yi masa tsauri, ki koma na bayansa ki ƙara kwana biyu. A abin da na gani, yawancin yara masu shekarunsa sukan daidaita cikin mako biyu zuwa huɗu in an dage. In ya kamu da rashin lafiya a tsakani, a ajiye komai, a rungume shi, a goya shi in yana so. In ya warke a ci gaba daga inda aka tsaya.

Barin yaro ya yi kuka fa?

Abin da kika gani a intanet yana da asali. Wani likitan yara a Boston ta Amurka, Richard Ferber, shi ya yaɗa hanyar a 1985, kuma ko shi bai ce a rufe ƙofa a tafi ba. Cewa ya yi a kwantar da yaro a fita, a dawo a duba shi bayan minti 3, sannan 5, sannan 10, ana ƙara tazara. An yi bincike a kai. A Ostireliya an bi yara fiye da 200 har suka kai shekara 6, aka buga sakamakon a 2012, ba a ga bambanci a halayyarsu ko shaƙuwarsu da iyaye ba tsakanin waɗanda aka koya wa barci da waɗanda ba a koya wa ba. Cikin hanyoyin da aka koya wa iyayen a wannan binciken har da ta zama kusa da yaro ana janyewa a hankali, irin wadda na bayyana miki. Don haka ba zan ce miki hanyar Ferber tana lalata yaro ba, kuma takan fi sauri. Sai dai an gwada ta ne galibi a gidajen da yaro ke da ɗakinsa da gado mai shinge, kuma a kan jariran da ba su kai naki wayo ba. Naki zai sauko ya biyo ki yana dukan ƙofa, gidan duka ya tashi, ga kuma abin da ya faru da shi lokacin yaye. Hanyar da ba za ki iya riƙe ta dare bakwai a jere a gidanku ba, ba taki ba ce.

Hajiya da maigida

Kada ki fara ba tare da Hajiya, mahaifiyar maigidanki, ta sani ba. In ta ji kukan jikanta cikin dare ba ta san dalili ba, dole ta fito, kuma tana da gaskiya, a saninta yaro ba ya kuka a banza. Ki same ta da rana, ko ki sa maigida ya yi mata bayani, don maganar ta fi sauƙi daga bakin ɗanta. A ce mata a wajen awo an ce ki rage goyo saboda bayanki, wanda ni ma abin da zan ce miki ke nan, yaro mai nauyin kilo 11 ko 12 a bayan mai cikin wata biyar na awanni ba ƙaramin abu ba ne. A gaya mata ba za a bar shi shi kaɗai ba, kina gefensa, kuma kwana kaɗan ne. Sannan ki ba ta nata rabon: ita ta riƙa yi masa tatsuniya ko ta tofa masa addu'a kafin a shiga ɗaki. Kakar da aka sa a cikin shiri takan zama mai tsaron shirin. Na ga gidan da kakar ce da kanta take korar masu shigowa hira in lokacin barcin jikanta ya yi.

Maigida kuma yana da amfani fiye da yadda ake zato. Yaro bai saba neman goyo a wajen babansa ba, don haka sau da yawa ya fi saurin kwanciya a hannunsa. In yana dawowa gida bayan isha'i, ya karɓi zaman gefen shimfiɗar ko da dare biyu ne a mako, kuma ya saba tun yanzu, don ranar da kika tafi haihuwa da kwanakin jego wani ne zai kwantar da yaron. Abin da za a roƙe shi shi ne kada ya shigo ƙarfe tara da tsaraba da wasan cilla yaro sama, ya farkar da wanda aka sha wahala ya lumshe ido. A ajiye tsarabar sai da safe.

Akwai wani abu da nake so ki sani don kada ya firgita ki in ya faru. Wasu yara, awa ɗaya zuwa uku bayan sun yi barci, sukan tashi da ihu, ido buɗe, gumi na zuba, ba sa gane uwarsu, in an taɓa su ma sai su ƙara. Bayan 'yan mintuna su koma barci, da safe ba su san an yi ba. A gidajenmu nan da nan ake cewa iska ce. Firgitar barci ce, yaron bai farka ba, ya maƙale ne tsakanin barci mai nauyi da farkawa, kuma rashin isasshen barci na ƙara ta. Ki yi addu'arki, ki kare shi kada ya bugu, kada ki girgiza shi don ya farka. Amma in jikinsa ya sandare, ko yana fizge-fizge, ko ido ya kafe, ko akwai zazzaɓi, wannan asibiti ne a daren.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan wasiƙarki, ban ga yaron ba, ban ɗora shi a sikeli ba, ban leƙa kunnensa ba. Ranar da za ki je awo na gaba ki tafi da shi, a auna nauyinsa da jininsa, ki faɗa musu yadda yake kwana. Ki kuma faɗa musu naki halin, ciwon bayan da rashin barcin, a duba hawan jininki. In kin ga kina yawan kuka, ko ranki na ɓaci har kina jin kamar ki doke shi, ki ajiye shi wajen Hajiya ki fita tsakar gida ki sha iska, kuma ki gaya wa ma'aikaciyar awo, muna jin irin wannan kuma akwai taimako. In kin yi wata guda kina bin matakan nan ba ki ga canji ko kaɗan ba, ki rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa da farkawarsa na kwana bakwai a takarda, ki kai wa likitan yara.